Na buga wa tukunyar yayata plak ɗin wata tukunya

Saƙo daga wani ɗan'uwa a wannan zaure. Ya roƙi a sakaya sunansa, mun sakaya.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manya da ƙanana. Admin, Allah ya saka da alheri, ka sa mini wannan yadda na rubuto shi, kada ka rage komai ko da ya yi tsawo. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu suka rage mini, kuma duk wanda zan iya tambaya ido da ido a garin nan, ko dai ya taɓa sayen inji a hannuna ko kuma matarsa tana cikin maganar. Sunayen da zan ambata duk ba na gaskiya ba ne.

Ni dillalin tsofaffin injina ne a Tasawa. Na fi shekara ashirin a wannan sana'a, ban gaje ta ba, ban kuma yi lakwal, wato karatun boko, mai nisa ba, da buhun guntayen ƙarfe na fara ina kaiwa kilo a auna a biya ni, har Allah ya sa yau ina da filina da rumfata. Injin niƙa, injin ban ruwa, injin matse gyaɗa, duk abin da ke juyawa ina saye daga Maraɗi ko ƙetaren iyaka, in gyara in sayar wa mutanen ƙauyuka har Mayahi da gaba. Ba yabon kai ba, amma in na kara kunne a jikin inji yana aiki ina iya gaya maka wata nawa ya rage masa. Na faɗi wannan ne don kada wani ya rubuta mini a ƙasa cewa wataƙila tsoro ne kawai ya kama ni. Na san ƙarfe.

Akwai wani abu da muke yi a sana'ar nan wanda kowane dillali ya sani, ko da zai rantse bai sani ba. Kowane inji yana zuwa da wani ɗan faranti na ƙarfe a jikinsa, plak muke ce masa, a nan ake rubuta inda aka ƙera shi da shekarar da aka ƙera shi da iyakar ƙarfinsa. Mai saye ko bai iya karatu ba sai ya nemi plak, ya shafa da yatsa, ya sa a karanta masa shekara. Inji ba plak kamar saniya ce ba shaida a kasuwa, kowa tsoronta yake. Saboda haka in muka yanka mataccen inji za mu kai kilo, ba ma zubar da plak ɗinsa, cirewa muke mu jefa a gwangwani. Ranar da tsoho mai lafiya ya zo hannu, wanda shekarunsa ne kawai ke kashe masa kasuwa, sai a zaɓo masa plak mai ƙananan shekaru a buga da ƙusa huɗu. Aski muke ce wa abin. A injin niƙa aski ba ya kashe kowa, in ya gaji tsayawa zai yi, a dawo mini da shi in canja. Ban taɓa ɗaukar abin wani babban zunubi ba, gaskiya nake gaya muku.

Shekara tara da suka wuce na sayi wata tukunyar tururi, wadda masu faransanci ke ce wa shodiyar, a wajen masu yankan ƙarfe a Maraɗi, daga wata masana'anta da ta daɗe da rufewa aka fito da ita. Doguwa ce a kwance, ta kai tsawon ƙaramar mota, baƙin mai take ci gauraye da gazuwal, wato man dizal, ta dafa ruwa ya zama tururi ya bi bututu. Tana da agogo a goshi mai nuna yadda tururin ya matse a ciki. Plak ɗinta na asali ya nuna ta girme ni, kuma ya ce kada allurar agogon ta wuce biyar. A makon da na saye ta kuwa na yanka wata da gobara ta lalata, wadda shekarunta ba su kai rabin na wannan ba, plak ɗinta ya ce goma. Akwai wani ɗan kasuwa da ke neman tukunya don dafa sabulu, na san in ya ga shekarun ba zai saya ba, sai na yi mata aski. Cinikin ma bai faɗa ba, mutumin ya fasa, tukunya ta yi wata biyar a filina kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, zan kira ta Yaya Hajo. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, da kuɗin ƙuli-ƙulinta na sayi sikelina na farko. Ita ce shugabar ƙungiyar mata masu man gyaɗa a wani gari tsakanin Tasawa da Mayahi, su talatin da ɗaya. A da da itace suke aiki, hayaƙi ya ci mata ido har ta kai ba ta iya zura zare a allura. Sun samu injin matsewa, amma sai an gasa markaɗaɗɗiyar gyaɗar da zafi kafin mai ya fito sosai, shi ne ta ce in nemo musu dabara. Na ce ga tukunya nan zaune. Na ba su a kan abin da na saye ta, na kai da kaina, na haɗa bututu da kaina.

Ranar da aka fara hura ta, plak ɗin gaskiya yana cikin aljihuna da ƙusa huɗu, da niyyar mayarwa na zo, Allah shaida ne. Amma kafin in kai ga hakan mutane sun cika rumfar, wani malamin lakwal ya duƙa ya karanta plak ɗin da ke jiki da ƙarfi, ya faɗi shekara, mata suka ɗauki guɗa. Yaya Hajo ta dafa kafaɗata a gaban kowa ta ce, "Kun gani ko, ƙanena bai kawo muna tsohuwa ba." Sai na bar hannuna a aljihu. Na ce a raina gobe, in mutane sun watse. Goben nan ce har yau.

Abin da na yi a madadin gaskiya shi ne, na ari jan farce a hannun wata daga cikin matan na ja layi a kan gilashin agogon daidai huɗu. Na ɗaure supap, wato abin da ke buɗewa da kansa ya saki tururi in matsi ya yi yawa, a kan biyar. Sannan na kira wadda aka ba tsaron wuta na ce mata ko sama za ta faɗo kada allura ta tsallake jan layin nan. Ban gaya mata dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Wannan matar Dije sunanta, Bafillatana ce daga wajen garin Cake, shanunsu sun ƙare a wata muguwar shekara suka shigo gari. Shekara tara ita ce a gindin tukunyar nan, tana da ɗan kujerarta na katako a gefen baya inda ake daidaita mai. Ba wanda ya gaya mata komai, amma tun watan farko Tsohuwa take kiran tukunyar. In na je sai ta ce, "Kai Kaɗo, takarda ta ce yarinya ce, amma wanga tari da take da safe na tsofaffi ne." In ce mata Bafillace me ya sani da ƙarfe ban da ƙararrawar wuyan saniya, ta ce ai ko saniya haƙori ake duba mata, ba a tambayar dillali. Mu yi dariya. Ni na san ba abin dariya ba ne.

Shekara uku da suka wuce wani ɗinkin walda a gefen baya, can ƙasa, ya fara tsatsar ruwa. Ba zuba ba, gumi ne kawai, in ya bushe ya bar fari kamar kanwa. Dije ce ta gani. Na kawo mai walda ya bi wurin, na kuma ƙwanƙwasa kewayen da guduma na ji ƙarar ba ta cika ba, wato ƙarfen ya ci daga ciki. Bayan damina farin ya dawo. Daga nan Dije ta fito da tata dabara ba wanda ya koya mata, duk Juma'a da ba a hura wuta sai ta duƙa ta ja layi da gawayi a inda farin ya tsaya. In mako ya zagayo ta ga ya wuce layi, sai ta rage wuta ta aiko a gaya mini. Hawayen Tsohuwa take ce masa. A shekara ukun nan a hankali yake tafiya, har ya tsaya a ɗani ɗaya na hannunta, daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Da idon Dije da gawayin nan da jan layin agogo aka zauna lafiya, ba da wani abu ba.

To yanzu ga inda maganar ta tsaya. Tukunyar tsirara take, ba abin da ya rufe jikinta, in tana aiki ba ka iya tsayawa kusa ka daɗe, rumfar kamar gidan burodi. Mai take sha ba kaɗan ba, mai kuma ya yi tsada, har ta kai kwana uku kawai suke hurawa a mako, sauran kwanakin gyaɗa na nan a buhu mata na zaune. A bana sai wani proje, wato shirin masu ba da agaji, ya shigo yankinmu da tallafin yi wa irin waɗannan tukwane da gidajen gashi sutura, a naɗe su da audugar gilashi a rufe da kwano don zafi ya daina tsiyaya, a kuma canja bakin wutar, duk kyauta. Sharaɗinsu uku ne. A kai hoton plak a ga tukunya ba ta wuce shekarun da suka yanke ba, injiniyansu ya zo ya auna yadda take cin mai, sannan wanda ya sayar da ita ya sa hannu a takarda cewa plak ɗin nata ne. Wadda ba ta da plak ko aka yi shakka a kanta, gwajin ruwa ake yi mata, a ɗura ruwa da famfo a matse a ga ko za ta riƙe. In ta kasa ba tallafi kawai ake hana ta ba, jan fenti ake sa mata a kai rahoto, ba a sake hura ta. An yi wa wasu marina haka a wani gari kusa da mu, kowa ya ji labari.

Ina Damagaram wajen ɗaukar kaya Yaya Hajo ta sa aka ɗauki hoton plak aka kai dosiye, wato takardun neman tallafin. Sai da na dawo ta kira ni tana murna ta gaya mini, har da cewa in zo ranar awo tunda ni na san kanta.

Ana gobe injiniya zai zo, Yaya ta yi abin da kowace uwar gida ke yi in za ta yi baƙo. Aka share rumfa, aka yayyafa ruwa, ta aika aka sayo fenti mai ruwan azurfa, mata suka kankare tukunyar tas suka shafe ta daga goshi har gindi. Ba don ɓoye komai ba, wallahi ba ta san akwai abin ɓoyewa ba, cewa ta yi baƙo ba ya tarar da mutum da datti. Dije ta tsaya a gefen baya ta ce a bar mata wurin zanenta, suka yi mata dariya, wata ta ce ko so take baƙi su ce yara ke wasa da gawayi a jikin kayan ƙungiya. Aka shafe har da layukan shekara uku. Da na iso da safe sai na ga tukunya na ƙyalli kamar sabon kwano.

Injiniyan, zan kira shi Malam Ishaƙa, mutum ne mai natsuwa, ko kwalbar man da matan suka ba shi ta alheri bai karɓa ba. Ya auna man da za a ƙona a bido, wato jarka, ya auna ruwan da za a zuba, ya sa aka hura awa biyu yana rubutu. Yana da wani abu kamar ƙaramar bindiga da yake nuna wa jikin tukunyar ya karanta zafi, ya hau tsani ya auna bakin bututun hayaƙi. Da ya gama lissafinsa ya ce mafi yawan man da suke saye rumfa yake dafawa da sararin sama, ba ruwa ba, kuma a duk waɗanda ya auna ba wadda ta fi cancanta kamar wannan, ga ɓarna da yawa ga ƙuruciya, ita zai sa a farkon layi. Mata suka yi guɗa irin ta shekara tara da suka wuce.

Sai ya ga jan layin agogo. Ya yi murmushi ya ce wa ya dabaibaye doki haka, plak ya ce goma kuna tafiya a huɗu. Ya matsa supap da hannunsa don kada ya buɗe a biyar, ya sa Dije ta ƙara wuta har allura ta kai shida don ya ga yadda take amsawa, Dije na ƙarawa tana kallona, ni kuma ina kallon ƙasa. Ya ce in an yi sutura zai kawo sabon supap ya ɗaure a takwas, aikin yini biyu ya koma na yini ɗaya. Da za mu fita ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, abu ɗaya ne, fasalinta kamar na da, irin waɗanda muka gani a littafi. Shi ya sa nake son sa hannunka." Na ce masa ai kamfanin haka yake ƙera nasa. Ƙarya ta biyu ke nan, sabuwa, kuma ba ta yi mini wuyar fita ba, wannan ma yana damuna. Na tambaye shi ko za a iya barin taga a gefen baya ba a rufe ba, ya ce a'a, nan ne ma abin aunawarsa ya fi nuna zafi, kuma sai an rufe ko'ina an tura hoto kafin a karɓi aiki. Ya miƙo mini takarda ya ce ranar Alhamis ta mako mai zuwa zai biyo filina ya karɓa.

Ku gane abin da nake gani. Da ba ta da plak ko kaɗan, da an yi mata gwajin ruwa, ta tsage da ruwan sanyi a ciki ba wanda zai ji ciwo. Plak ɗin da na buga ne ya tsallakar da ita gwajin. Yanzu za a ɗauki ƙarfen da aka yi don biyar tun yana sabo, wanda ya ci daga ciki, a kai shi takwas, a kuma rufe wurin da Dije ke kallo da auduga da kwano. Hawayen zai ci gaba da tafiya a ƙarƙashin riga, audugar ta jiƙe ta ƙara cin ƙarfen daga waje, ba wanda zai gani. Na taɓa zuwa sayen ragowar wata tukunya da ta fashe, ƙarama ma, ban ga lokacin da abin ya faru ba amma na ga inda murfinta ya ratsa katanga ya faɗa gidan maƙwabta. A rumfar yayata in aiki ya kankama mata goma sha ne a ciki.

Washegari bayan la'asar na ɗauki plak ɗin gaskiya daga gwangwani na tafi gidan Yaya Hajo, na ajiye mata a kan tabarma na gaya mata komai, tun daga askin har ranar guɗa. Na zata zagi za ta fara, ba ta zage ni ba. Ta daɗe tana juya ƙarfen a hannu duk da ba ta iya karanta shi, sannan ta tambaye ni ko gobe za ta fashe, na ce ban sani ba. Ta ce bana fa, na ce ban sani ba. Na gaya mata yadda take yanzu, tsirara, a huɗu, da idon Dije a kai, tana iya kai shekara biyu ko uku, amma a rufe a takwas ba na so in faɗi abin da ke bakina. Ta ce to in sa hannu, in injiniya ya tafi in zo in mayar da supap inda yake, a ci gaba da huɗu, su samu sauƙin mai. Na ce ko na mayar, wa zai ga hawayen, kuma ranar da ba ta nan aka samu babban ciniki, wa zai hana matan da suka ji da kunnensu injiniya ya ce tana kai takwas.

Daga nan ne muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ta lissafo mini matan da sunayensu, wadda mijinta ya tafi Aljeriya ba labari, wadda ke riƙe da marayu huɗu, wadda da man nan take sayen maganin hawan jini, ta ce in aka sa jan fenti duk itace za su koma, itacen ma ina yake. Ta ce ba wanda zai yarda ba ta sani ba, cewa za a yi ita da ƙanenta suka haɗa baki suka sayar wa ƙungiya mushe, ta tsufa da mutuncinta ni zan tuɓe mata shi a kasuwa. Na ce mata mutunci ana wanke shi, rai fa. Sai ta ce mini abin da har yanzu ban samu amsarsa ba. Ta ce, "Shekara tara ka bar ni ina zama gindinta, nan nake salla, nan nake cin tuwo, ba ka ji tsoro ba sai yau da za a sa sunanka a takarda. Gaya mini, tsoron raina kake ko tsoron sa hannunka?" In zan faɗi gaskiya duka biyun ne, kuma ban san wanne ya fi yawa ba. Ta ce in jefa ƙarfen a rijiya, ta hana ni gaya wa Dije, ta ce kuma in na kai shi buron proje, wato ofishinsu, kada in zo jana'izarta. Na ɗauki plak ɗina na fito. Kwana biyar ke nan ba ta ɗaga wayata.

Ban zauna ba. Na buga waya Maraɗi, Damagaram, har ƙetare, ina neman wata tukunyar da zan musanya musu ko da filina zan sayar. Guda ɗaya na samu mai dama-dama, kuma ba za ta iso ba kafin a rufe karɓar dosiye. Ko ta iso, hoton wannan plak ɗin ne a buro, canja tukunya daidai yake da tsayawa in ce na yi ƙarya. Ba zan ɓoye muku nawa ba, in maganar aski ta fita a bakin injiniya, duk wanda ya taɓa sayen inji a hannuna zai je ya duƙa ya duba ƙusoshin plak ɗinsa, kasuwata ta mutu daga Tasawa har Mayahi, wataƙila har jandarma, jami'an tsaro, su shigo. Ina da mata da ƴaƴa bakwai. Wannan yana cikin lissafina, amma ba shi ne ke hana ni cin abinci ba.

Jiya Asabar da safe na je rumfar, na san Yaya ba ta fitowa da wuri. Dije na nan tana haɗa mai. Ba ta yi mini wasan da ta saba ba, hannu kawai ta yafito ni zuwa gefen baya. Farin ya huda sabon fentin ya fito, ta kuma ja sabon layi da gawayi ranar Juma'a. Ta ɗora hannunta ta gwada mini, ɗani ɗaya, sannan ta ƙara yatsu uku. Ta ce tsohon zanen an shafe amma hannunta bai manta ba, shekara uku Tsohuwa ta yi kafin ta kai ɗani, yatsu ukun nan kuwa tun ranar da baƙo ya sa aka kai ta shida ne. Sannan ta ce, "An ce za a sa mata riga. In an sa mata riga, ina zan riƙa zanena?" Ta ja kujerarta ta zauna inda ta saba zama, na duba, tsakaninta da wurin bai kai tsawon hannu ba. Ta ce, "Kai ka san ta, Kaɗo, kai ka kawo ta. In ka ce in zauna, in zauna."

Na ce mata zan dawo. Abin da na iya ke nan.

Masu zagi ku zaga, na ci a zage ni, amma bayan zagin don Allah ku rubuta abin da zan yi. In sa hannu in mayar da supap a ɓoye kamar yadda Yaya ta ce, in bar sauran ga Allah, alhali na san na rufe wa Dije ido? Ko in ƙi sa hannu in yi shiru, in ce na ɓatar da takarda, tallafi ya wuce su, su koma kwana uku a mako da tukunyar da ta riga ta ƙara yatsu uku? Ko in ɗauki plak ɗin gaskiya in ajiye wa Malam Ishaƙa a kan tebur, a sa jan fenti, mata talatin da ɗaya su koma hayaƙi, in rasa kasuwata in rasa wadda ta raine ni? In akwai injiniya a zauren nan ko wanda ya taɓa aiki da irin waɗannan proje, ku gaya mini ko akwai hanyar da mutum zai nemi a yi gwajin ruwa ba tare da laifin ya faɗa kan yayata ba, ni na yarda ya faɗa kaina. Malamai kuma ku gaya mini, rantsuwar da ta yi mini a kan jana'izarta tana ɗaure ni in akwai ran wani a ciki?

Takardar tana cikin akwatin motata, plak ɗin yana aljihuna, aljihun da ya zauna a ciki ranar guɗa. Malam Ishaƙa sai Alhamis zai zo. Amma gobe Litinin da safe za a hura wuta, kuma Dije amsata take jira kafin ta ja kujerarta. Me zan ce mata?